Almakashi a Littafin Baba

Littafin Baba ya girme ni. Zanen barkwanci ne na yara, da ajami, tun zamanin Turawa: wani wawan masunci da ƙugiyarsa ke kamo komai ban da kifi. Yayansa marigayi ne ya bar masa, kuma duk Haɗeja ban san mai irinsa ba. Lokacin ina koyarwa a firamare, sai na matsa masa ya ara mini in sake buga shi da boko saboda ɗalibaina. Ni kuwa akwai naci kamar ƙuda. Ranar da ya ciro shi daga adaka ya ce, "Yadda na ba ki, haka za ki dawo mini da shi."

Mai injin buga takardu na bakin kasuwa mutumin Filato ne, mai kirki, amma bai san ajami ba. Ni na ankarar da shi cewa hotunan daga dama suke farawa. In aka bar su haka, yaran boko za su ga masunci ya faɗa ruwa tun bai jefa ƙugiya ba.

"To Malama, sai dai a yanka a sake jerawa," in ji shi. "Injin kwafinmu ya mutu. Ko ki jira a kai Kano."

Damina ce, ruwa ya cinye hanya, ni kuma haƙuri ba halina ba ne. Da hannuna na karɓi almakashin. Na yanka.

Kullum bayan la'asar sai Baba ya tambaya, "Ina littafina?" In ce yana wurin mai inji, in shige ɗaki. Ko tuwo ba na iya ci a gabansa.

Da sabon ya fito na kai masa. Ya buɗe ta baya yadda ya saba, ya bi hotunan daga dama, sai ga masunci yana fitowa daga ruwa da baya-baya. Bai yi dariya ba.

"Wannan naku ne. Kawo nawa."

Na miƙa masa ambulan. Ya zazzage a tabarma, guntu-guntu. Wallahi na so ya zage ni. Sai kawai ya sunkuya ya fara jera su ɗaya bayan ɗaya daga dama. Na durƙusa zan taya shi.

"Bari," ya ce. "Matsa, kina tare mini haske."