Kofin da Ammu Siddiƙ Ya Fara Miƙo Mini

Cikin shekaru ashirin da ɗoriya da na yi ina aikin subiya a unguwar Bani Malik ta Jidda, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da Ammu Siddiƙ ya miƙo mini kofi kafin shi ya sha. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya za ku ce ina abin labari a nan. Bari in fara gaya muku yadda tsarin yake a tsakiyar shekarun 1990.

Subiya dai sha'ir ne da busasshen burodi ake jiƙawa a durom kwana biyu, a tace, a sa sukari da kirfa, a sanyaya. Duk gwanintar tana wajen sanin lokacin da za a tsayar da ita. In aka yi gaggawa, ruwan burodi aka sayar wa mutane. In aka bari ta zarce ko da rabin yini ne a zafin Jidda, sai ta fara cizon harshe, ta kama hanyar zama abin da addini ya hana, hukuma kuma ta rufe shago. Shi ya sa mutum ɗaya ne ke ɗanɗanawa, wato mu'allim, babban gwanin shago. Ƙarƙashinsa akwai mai tacewa, sannan masu ƙullawa a leda. Ba mai sha kafin mu'allim, in kuma ya ce "tamam", wato ta yi daidai, halas, magana ta ƙare.

Mu'allim ɗinmu shi ne Ammu Siddiƙ, Bahaushen Sudan, dattijo mai ƙarancin magana. Ni ne mai tacewa, shekarata tara a ƙarƙashinsa, bai taɓa tambayar ra'ayina ko sau ɗaya ba. In na yi ƙorafi sai ya ce mu mutanen Damagaram barkono ya riga ya kashe mana harshe tun a goye. Ina dariya, amma abin yana cina.

A shekarar mai shagon ya rasu, ɗansa ya zama kafilinmu, wato uban gidan da takardunmu na zama a ƙasar ke hannunsa. Saurayi ne mai son canji, kuma mun ji yana neman mu'allim mai jini a jika. Ga iƙamar Ammu, takardar izinin zamansa, ta kusa ƙarewa. In ba a sabunta ba, sai ya kwashe iyalinsa daga unguwar Sa'alaba ya koma ƙasar da rabonsa da zama cikinta shekara arba'in.

Ammu yana da wata subiya tasa ta kansa, baƙa, wadda ba a sayarwa. Yakan soya sha'ir har ya yi duhu kamar gahawa, ya haɗa da shufan, hatsin nan da ake miyar buɗa-baki da shi, ya sa maɗin dabino maimakon sukari. Kafili ya ji labarinta, ya ce zai zo mako guda kafin azumi ya ɗanɗana. Bai faɗi sauran ba, amma duk mun gane a kan kofin nan zai yanke zaman Ammu ko tafiyarsa.

Durom biyu muka jiƙa. Saboda ƙuncin wuri, na biyun ya kwana jikin bangon da ke haɗe da gidan burodin maƙwabcinmu, inda murhu ba ya mutuwa. Ni na ajiye shi a can, ban kawo komai a raina ba.

Kafili ya iso bayan la'asar, aka shimfiɗa masa kujera. Ammu ya ɗebo daga durom na farko, maimakon ya kai bakinsa sai ya miƙo mini. Ya ce, "Habu, sha." Na tsaya ina kallonsa, na ɗauka tsokanar da ya saba ce zai yi mini a gaban mutane. Ya sake cewa, "Yalla, sha."

Na sha. Kumfa mai launin ƙasa ce ta fara taɓa leɓena, sannan ɗaci kaɗan irin na ƙanzon tuwo. Bayansa zaƙin dabino ya biyo a hankali, shufan ɗin kuma ya ba ta kauri mai santsi, tana sauka a maƙogwaro ba tare da ta tsaya ba. Da na haɗiye, ƙamshin suya ya daɗe a bakina. Ban taɓa shan abu mai daɗinta ba, kuma na ji haushin shekara tara ya ragu da rabi. Na ce, "Tamam, Ammu."

Ya ɗebo daga na biyu, ya sake ba ni. Tun kafin ta kai bakina hancina ya gaya mini. Da na kurɓa ta ciji gefen harshena, da tsami mai hawa ka. Ammu ya karɓi kofin ya kurɓa shi ma, fuskarsa ba ta nuna komai ba, ya ɗauki tambulan ɗin kafili ya nufi wannan durom ɗin. Nan na gane. Na tuna tun ciwon da ya yi bara yake zuba gishiri a abinci har mu kasa ci tare da shi. Harshen Ammu ya mutu, kuma shi kaɗai ya sani.

Mai tacewa ba ya gyara wa mu'allim, amma in na yi shiru kafili zai sha abin da ya lalace, a kuma ɗora wa dattijon laifin da nawa ne. Kafili ba ya jin Hausa, don haka na rage murya na ce, "Ammu, wannan ta wuce. Ni na ajiye ta jikin bango."

Da ya so, sai ya juya ga durom na farko kawai, ba mai sani. Ya zuba wa kafili daga na farkon, ya jira har ya shanye ya nemi ƙari. Sannan ya gaya masa da Larabci cewa wata takwas ke nan ba ya jin ɗanɗanon komai, kuma durom na biyu zubarwa za a yi. Kafili ya dubi tambulan, ya tambayi to wa ya yi wannan. Ammu ya ce, "Hannu nawa ne, harshe na Habu."

Kafili ya sha na uku. Da zai tashi ya ce a kai masa fasfon Ammu gobe don sabunta iƙama, kuma daga yau kada durom ya fita sai mu biyu mun yarda. Ni da kaina na tuntsurar da na biyun a magudana, na wanke shi sau uku.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu harshe aro ne, yana iya tafiya ba sallama, kuma gwanin gaske shi ne wanda ya san ranar da zai miƙa kofi. Shi ya sa da na zama mu'allim nake fara ba mai tacewa, ko da nawa harshen lafiya lau yake.

Ammu ya ƙara shekara shida a shagon yana haɗa baƙar subiyar da mutane ke layi a kanta, bai sake jin ɗanɗanonta ba. Duk ranar da aka buɗe durom, in na sha, sai ya jawo kujera ya zauna ya ce, "Ɗan Damagaram, kar ka ce mini tamam. Faɗa mini yadda take, tun daga kumfa."