Injin da ke yin shiru tun daga nesa

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar yayana Bawa, kuma har yau duk ranar kasuwar Wara, nan bakin tafki, sai ya faɗo mini a rai.

Aikinsa a hasumiyar filin jirgin sama yake, can birni. Shi ke jera jiragen da ke son sauka, ya ce wannan ne gaba, wancan na biye. Abin da ya fi tsana shi ne jirgi ya iso da gudu, ya tarar da layi, ya kama kewaya sama yana ƙona mai a banza. Tun jirgi na nesa yakan sa matuƙi ya rage gudu, don in ya fara gangarowa ya sassauta inji ya zuro sumul har ƙasa. Inna takan ce, mutum da girmansa, aikinsa hana baƙi isowa da wuri.

Farkon samun jihar Kebbi, Yaya Bawa ya zo hutu. A lokacin ɗana Garba ya fara tuƙa jirgin ruwa mai inji, kuma ba na samun kwanciyar hankali. Ranar kasuwa samarin matuƙa tsere suke yi zuwa gaɓa, su iso a tare, jirage maƙil da mata da kwandunan kifi, igiyar ruwan wannan na dukan cikin wancan. Na yi faɗa har na gaji. Yaya Bawa ya tsaya ya kalle su, sannan ya kira Garba ya nuna masa wani busasshen itace da ke tsaye cikin tafkin.

"In ka kawo wurin iccen can, duba wa ag gabanka. Bar shi shi wuce, kai ka sassauta inji, ruwa su kawo ka."

Garba ya ce, "Kawu, sai su ce tsoro nika ji."

"Su ce. Kai dai ka sauke mutane da kayansu a bushe."

Sun kuwa ce. Wata da watanni abokansa na kiransa direban jirgin sama. Ya ji haushi ƙwarai, amma yana jin nauyin kawunsa, bai daina ba.

Yanzu an ce na'ura ce ke lissafa wa jiragen sama lokacin fara gangarowa. Na san da yana raye zai yi murna, ya kuma yi ƙorafin cewa na'ura ba ta jin muryar matuƙin da ya gaji. Da ya leƙo gaɓarmu kuwa, da ransa ya ɓaci, don injuna sun ƙara ƙarfi, tseren kuma yana nan.

Bai bar gida a birni ba, itacen ma ya daɗe da faɗuwa. Amma Garba, da furfurarsa, a daidai wurin yake sassautawa, haka yaran da ya koya wa tuƙi. Idanuna sun yi rauni, ba na rarrabe jirage daga gaɓa. Kunne nake kasawa. In na ji wani inji ya yi shiru tun daga nesa, sai in ce Allah ya jiƙan Yaya, in tashi in tari ɗana.