Malam Ɗahiru da Hoton da Aka Cire Daga Bango

Ina cikin aji a Dutsin-Ma ranar Laraba da hantsi, sai wani mai keke daga Kurfi ya yi sallama, ya ce Malam Ɗahiru ya cika da asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye alli, na sallami yara.

Shi ya koya mini boko a elemantare ta Kurfi. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya hukunta yaro sai ya tambaye shi ko ya karya kumallo. A bangon ajinsa akwai wani tsohon hoto bugun Ingila, na wata yarinya zaune a gindin taga da littafi a cinyarta. Wani Bature da ya koyar da shi a Katsina ne ya ba shi tun yana saurayi, takardar har ta yi ja. In muka cika surutu yakan nuna ta ya ce, "Wannan ta girme ni, amma har yau ba ta ɗaga kai daga karatu ba."

Duk cikinmu babu wanda Malam ya so kamar Lawal, ɗan wani manomi daga Ɗantutture. Shekara huɗu Lawal ya yi a gidansa, kwano ɗaya da 'ya'yansa. Malam ne ya taka da ƙafa ya roƙi uban ya bar shi ya wuce makarantar midil.

Bayan samun mulkin kai, Lawal ya dawo da muƙami a ofishin ilimi. Siyasa ta yi zafi, Malam kuwa ya ƙi sa yara su yi wa jam'iyya mai mulki waƙa. Sai ga takarda, wai ya rataye hoton Nasara yana ɓata tarbiyyar 'ya'yan Musulmi. Lawal ne ya sa hannu, shi ne kuma ya zo ya cire hoton a gaban yara. Aka sallami Malam daga aiki, ya koma gona. Abin da ya ce kawai shi ne, "Na koya masa rubutu, ban koya masa abin da zai rubuta ba."

Bayan 'yan watanni na shiga ofishin Lawal, na tarar da hoton a bango, an sa masa sabon gilashi. Na tafi Kurfi raina a ɓace na faɗa wa Malam. Sai ya tambaye ni ko rana tana dukan wurin, don takardar ba ta son rana. Matarsa Inna Hajo ta gaya mini cewa har ya rasu bai sake bi ta ƙofar makaranta ba, zagayawa yake yi.

Lawal ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun gaba. Ya miƙo mini hannu, na kasa karɓa. Na san Malam ya yafe masa, ni dai ban kai can ba tukuna.

Allah ya jiƙan Malam Ɗahiru, ya yalwata kabarinsa, ya saka masa da Aljanna a kan haƙurin da ya yi. Allah ya ba Inna Hajo da yara dangana, ya rufa musu asiri, kada ya kai su neman taimako ƙofar wanda ya ci amanar ubansu. Amin.