Wasiƙa a Cikin Hula

Jiya wasiƙa ta zo wa makarantarmu daga Kano. Ban ankara ba sai na ji na cusa ta cikin hula ban buɗe ba. Nan take na tuna da Malam, shugabanmu na farko.

Makarantar ba ta hukumar En'e ba ce, mutanen garinmu Fassi ne suka gina abarsu. Duk wasiƙar da ta zo, Malam ba ya buɗewa sai Juma'a bayan La'asar. Sai ya buga tsohuwar garmar da muke ƙararrawa da ita, iyaye su taru a gindin tsamiya.

Shekarar samun 'yancin kai, ana ta raɗe-raɗin za a rufe irin makarantunmu, sai ga ambulan mai hatimi ranar Talata. Lokacin ina sabon malami. Kwana uku ina bin Malam da ido. Ina ganin gefen takardar yana leƙowa daga hularsa, duk zufa ta jiƙa shi.

Na ce, "Malam, mu duba mana, mu san abin da za mu faɗa wa iyaye."

Ya ce, "Ɗana, su suka kwaɓa ƙasar ginin nan. Ni ne zan riga su ji?"

Ranar Juma'a da zai buɗe a gabansu, sai ya yi ta jujjuya ambulan ɗin yana jinkiri. Ashe shi ma tsoron yake ji. A wasiƙar cewa aka yi a haƙa masai kafin damina, ko a rufe makaranta. Washegari da sassafe aka fito da diga.

Yau Laraba, ni ne shugaba yanzu, wasiƙar kuma tana nan cikin hulata. Allah ya haskaka kabarinka, Malam, ya ara mini haƙurinka zuwa jibi.