Tsakuwoyin da Aka Ciro daga Cikin Luba

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanwata Luba, kuma har yau ban yafe ba. Na san an ce a yafe. Ni dai ban iya ba.

Tana da shekara bakwai ciwon cikin ya fara. In ta ci soyayyen kifi sai ta durƙusa, ta haɗe kai da gwiwa tana amai. Ga ci, amma kullum ramewa take. Inna ta sa ta a kwalekwale zuwa Warra, wurin wani wanzami da ya yi suna. Ya kafa mata ƙaho a ciki, ya zuƙa, ya zazzage, sai ga tsakuwa cikin jini. Ya ce jifa ne. Sau bakwai ana kai ta cikin shekara huɗu, Inna tana adana tsakuwoyin a gwangwani.

Wata rana muna dawowa Luba ta tambaye ni, "Yaya, in ya hidda su, mi ya hana ciwon tahiya?"

Na ce ta yi haƙuri. Wannan amsar ce ke ci min rai har gobe.

Da muka kai ta asibiti ta zama ƙashi da rai. Hoto ya nuna lallai akwai duwatsu, amma can cikin wata tsoka a bayan tumbi da likita ya kira fankiriyas, inda ƙaho ba ya kaiwa. Ya ce tsokar ta daɗe tana kumbura, har ciwon suga ya shiga. Ba ta ƙara wata biyu ba.

Bayan sadakar arba'in na wanke tsakuwoyin. Ni ɗiyar masunci ce, na san tsakuwar bakin tafki in na gan ta. Ɗaya ma da ɓawon katantanwa manne a jikinta.

Da Luba za ta leƙo yau, za ta ga ana ɗaukar hoton ciki a Yelwa. Za ta kuma ga mutumin nan yana nan da ƙahonsa, ya yi ƙiba, iyaye na kai masa 'ya'yansu. Makon jiya na ji maƙwabciyarmu na shirin kai ɗanta.

An ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Luba ba ta bar komai ba sai wannan gwangwani da tambayarta. Ranar kasuwar Warra zan je da su duka biyu. Zan zube masa tsakuwoyinsa a gaban iyayen da ke layi, in yi masa tambayar, kuma ba zan tashi ba sai ya amsa.