Rausayin Bajamushe

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Kawu Idi makwancinsa a bakin hamadar Alƙahira, amma har yau in na bi ta Abbasiya sai in ji kamar zan tarar da shi a bakin masallaci, yana sayar wa ɗalibai goro da ƙuli-ƙulin da ya fi dalar Fir'auna tauri. Yayan mahaifiyata ne. Ya taso daga Damagaram da niyyar hajji, ya yada zango a Masar don ya huta kwana biyu, kwana biyun suka zama shekara ashirin. Ni kuma na zo karatu, karatu ya hango ni ya tsere, na koma tafintan 'yan kasuwa a Wustul Balad, tsakiyar birni.

Wanda bai san shi ba zai ɗauka tsoho ne kawai mai ɗingishi. Sojan Faransa ne a yaƙin duniya na biyu. Rana ɗaya aka kwashe su shi da ƙanensa Ɗan-Jimma, shi kaɗai ya dawo, kuma bai taɓa gaya wa kowa a gida yadda aka yi ba.

A wancan lokaci akwai wani tsohon Bajamushe mai gyaran agogo a unguwarmu. Ya musulunta, ya yi hajji, Misirawa suna kiransa Hagg Abdallah. Ni na sa masa Alhaji Gamusa, don a bakin Misirawa gamusa ita ce baunar da suke tatsa, kuma wallahi wuyansa bai bar wa bauna komai ba. Ɗalibanmu suna mutuwar sonsa. Bature ya yi sujada, ai sai ka ce an ci Turai da yaƙi. Kowace Juma'a bayan salla yakan dafa mana shayi ya ba mu tarihin rundunarsu ta sojan ƙasa, wadda ya sani kamar yadda maroƙi ya san asalin ubangidansa: yadda suka taka a ƙasa har Faransa da bazara, yadda aka juya su gabas zuwa Rasha ƙanƙara ta cinye su, aka sake cika rundunar da yara, ta sake cinyewa. In ya zo nan sai ya yi hawaye, mu ma mu taya shi, ga shayi da sukari kyauta.

Wata Juma'a na ja Kawu muka je. Alhaji yana cikin labarin Faransa, ya ambaci wani kogi da suka ƙetare, da wani ƙauye mai masana'antar sukari, inda ya ce sun sha wuya kafin su kama shi. Kawu ya ajiye kofinsa. Sai ya tambaye shi da Larabcinsa na kasuwa ko akwai rumfar shanu a bayan masana'antar. Alhaji ya ce akwai.

A nan, gaban ɗalibai, Kawu ya faɗi abin da ya ɓoye wa uwata. Harsashi ya ƙare musu, suka ɓuya a rumfar, shi yana kwance ƙarƙashin ciyawa da raunin ƙafa. Jamusawa suka kewaye wurin suna ihu da kalma ɗaya, wadda kunnen Bahaushe ya ji kamar rausa, rausa. To dama tun a gida tsofaffin fatake suna cewa Jamus sun zauna a Kamaru, sun ji Hausa, kuma suna ƙaunar Musulmi. Ɗan-Jimma ya matso kusa da shi yana murmushi ya ce, "Yaya, ka ji? Rausayi suke cewa. Bari in fita in ce musu kana da ciwo." Ya fita hannu a sama, sauran suka bi shi. Ta tsagar katako Kawu ya ga an ware farare gefe guda an ba su sigari, an jera baƙaƙe a jikin bango. Da dare wata tsohuwar ƙauyen ta jawo shi daga ciyawa, ba ta san inda aka kai gawarwakin ba.

Alhaji ya saurara har ƙarshe. Sannan ya yi dariya, irin ta malami da ya ji ɗalibi ya yi kwaɓa. Ya ce kalmar ba ta nufin komai sai fita, ita suke ce wa kare in ya shiga ɗaki.

"Ma'alish, ya Hagg," in ji shi, wato ba komai. "Amma rundunarmu ba ta taɓa harbin fursuna ba. Wata ce daban."

Kawu ya ce shi bai nemi diyya ba, bai nemi a ba shi haƙuri ba, bai ma ce kai ka harba ba. Ka ce an yi, shi ke nan, in tashi in tafi. Alhaji ya ɗauki buta ya tambayi wa ke son ƙarin shayi. Akwai waɗanda suka miƙa kofi.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan ciwo, don daga namu ya fito. Manyan ɗalibai masu rawani suka zaunar da Kawu, suka zazzage masa Larabci buhu-buhu, cewa musulunta tana shafe abin da ya gabata, saboda haka ya tashi ya ba ɗan'uwansa hannu. Kawu ya ce shi bai musa ba, amma abin da ba a yi ba me za a shafe? Sai suka ce tsohon mai riƙo ne. Aka daina sayen goronsa. Yara marasa kunya suka riƙa bin bayansa suna rausaya kafaɗa suna cewa rausa, rausa. Ran Juma'a kuwa liman ya ce a daidaita sahu, sai ka ga ƙafarsa mai ciwo tana neman ta haɗu da ta Alhaji. Da abin ya ishe shi ya tattara ya koma unguwar Arba wa Nus cikin 'yan Sudan, lokacin wurin ba kowa sai yashi da karnuka.

Yanzu duniya ta canja. Tsofaffin sojan Jamus suna zuwa Masar mota-mota, da furanni, suna wucewa hamadar yamma da Iskandariyya don ziyarar nasu da suka mutu can. Na taɓa raka wani ayari. An rubuta sunan kowane mamaci tsaf, an share wurin har kana iya cin tuwo a ƙasa. Da Kawu ya gani, na san ba zai yi hassada ba, zai dai tambaya ko akwai wanda ya tuna da masana'antar sukari. Shi kuwa Alhaji ya yi shekaru bayansa, kuma ranar jana'izarsa Abbasiya ta cika har kura ta rufe rana. Ta Kawu, da mu da masu haƙa kabari ba mu cika sahu ba.

To me ya rage na Kawu Idi? Bai bar ɗa ba, bai kai Makka ba, tiren goronsa ma wani ya ɗauke. Ana gobe zai rasu na same shi a kwance, ya buɗe ido ya ce, "Ɗana, Bajamushen ya faɗa?"

"Bai faɗa ba, Kawu."

"To kai ka faɗa."

Duk Alƙahira an san ni da ƙarin gishiri, in na ce rana ta fito sai an leƙa waje. Ni ne kuma kaɗai shaidar da Allah ya bar masa. Wanda ya ga dama ya yi dariya, na saba. A wani ƙauye na Faransa, a bayan masana'antar sukari, an jera Ɗan-Jimma na Damagaram da 'yan'uwansa a jikin bango hannuwansu a sama, aka harbe su. An yi.