Nonon Kaka

Cikin abubuwan da Allah Ya nuna mini a rayuwa, akwai guda da ba zai fita raina ba har in koma ga Mahalicci: yadda muka karɓo jikanmu.

Ɗiyarmu ta fari tana aure a Gazawa. Wajen haihuwa ta rasu, ta bar ɗa namiji. Kafin mu gama karɓar gaisuwa a ƙauyenmu Gidan Sori, mijin, da baƙin ciki ya ruɗa, ya kai jaririn gidan marayu a Maradi, ya yarda a ba duk mai son riƙo, shi kuwa ya yi arewa. Ban zage shi ba, yaro ne.

Da muka isa, ni da mai ɗakina, mun tarar har wani ma'aikaci da matarsa sun nemi a ba su yaron. Mutanen kirki ne, Allah bai ba su haihuwa ba. Aka kai mu gaban alƙali. Ya dubi furfurata, ya ce, "Baba, ba na ƙin ku. Amma yaron nan yana ƙin bibiro, madarar kwalba ba ta karɓe shi ba, kullum ramewa yake. Waɗannan suna kusa da likita. Ku a ƙauye da me za ku shayar da shi?"

Mai ɗakina ce ta gyara lulluɓi ta ce, "Ranka ya daɗe, da abin da na shayar da uwarsa."

Aka yi dariya. Wata ma'aikaciya ta ce, "Haba Inna, rijiyar da ta ƙafe?"

Mai ɗakina ta ce, "Ɗiyata, rijiya yasa take so. A bar ni kusa da shi kawai."

Ba su sani ba, a wajenmu tsohon abu ne: in uwa ta faɗi, kaka ke ɗauka. Autanmu ma bai daɗe ƙwarai da yaye ba. Alƙali ya ba ta dama. Ta shimfiɗa tabarma a gidan marayun, tana shan kunun kanwa da saiwoyin da tsofaffinmu suka aiko, tana sa yaron a ƙirji ko da babu komai. Yana kuka, tana kuka. Ni ina bakin ƙofa da tasbaha, wani lokaci har in ji zuciyata ta karaya.

Wata safiya na ji kukan ya yanke. Na leƙa a tsorace, sai na ga yaro yana haɗiya, fari-fari na gangarowa gefen bakinsa. Nan na faɗi na yi sujada a kan rairayi.

Ranar komawa gaban alƙali, kumatunsa sun fara cika. Matar ma'aikacin ta daɗe tana kallonsa a jikin kakarsa. Ita ta fara magana: "Ranka ya daɗe, ba zan cire shi daga nono ba." Har yau ina yi mata addu'a.

Alƙali ya ba mu jikanmu. Muka shiga gari a bisa amalanke, mata na guɗa.

Yanzu yana lakol, makarantar boko. In na ce masa, "Kai, ɓarawon mata, ka ƙwace mini tsohuwa," sai ya ce, "Ai Innata ce, tsoho, kai ne baƙo!"

Abin da na koya: kada ka ce rijiya ta ƙafe tun ba ka zura guga ba. Wanda Ya halicci bakin, Shi ke tanadin abin da zai sha.